Lambun Kan Tebur

"Inna ta ce ba ta amince ba."

Kafinta ya faɗi maganar kansa a ƙasa, fensiri maƙale a bayan kunnensa, garin katako ya yi masa fari-fari a gira. Sista ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da yayyafa wa dashen tumatirinta ruwa, leda bayan leda, har ta kai ƙarshen tebur.

"To," ta ce. "Ɗan matsa, ka taka mini tiyo."

Ya ɗage ƙafa da sauri kamar ya taka garwashi.

"Abin da za ki ce ke nan? To?"

"Me kake so in ce? Uwa ce. Da ni na haife ka, wataƙila abin da zan faɗa ke nan."

Ta karkata butar da ke hannunta kan leda ta gaba.

Wata goma sha huɗu ke nan da Sista ta rataye farar rigarta, amma har yau ba wanda ya daina kiranta Sista. Shekara bakwai ta yi tana aikin jinya a ɗakin masu karaya. Wata safiya wani majinyaci, ƙato mai nauyin mutum biyu, ya zame tsakanin gado da keken guragu, ta tare shi ita kaɗai don kada ƙafar da aka ɗora masa ta sake ɓallewa. Ƙafarsa ta tsira. Ita kuwa ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayanta, daga nan sai ga ta kwance tana kallon silin ɗakin da ta saba kwantar da wasu.

Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta ne ya goce yana danne jijiya. Aka yi mata aiki, ta yi wata uku a kwance a gidan yayanta. Da ta miƙe aka kafa mata doka: ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo, ba dogon zama. Asibitin suka yi mata kara, suka mayar da ita ofishin katuna, amma sai kujera ta fi ɗaga majinyaci azaba. Mako uku ta daure, a na huɗu ta rubuta takardar ajiye aiki.

Lambun kuwa daga taga ya fara. Lokacin kwanciyar ne matar Yaya ta ajiye mata gwangwani da reshen na'ana'a a bakin taga, don ta riƙa ganin abu kore. Gwangwani ɗaya ya zama goma. Maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya ko na sayarwa ne. Da ta ga abin zai yi, ta taka a hankali har shagon katakon da ke ƙarshen layi, ta ce tana son tebur wanda zai kawo mata ƙugu, noma za ta yi a tsaye.

Kafinta ya zo da tef ɗin awo, ya miƙa mata ya juya baya, ta auna kanta da kanta ta faɗa masa lamba. Ya yi tebur ɗaya, ya yi na biyu, har shida suka jeru a bayan gida ƙarƙashin rumfar raga. Bayan an gama sai teburan suka fara samun matsala irin wadda shi kaɗai ke gani. Yau ƙusa ta saki, gobe ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo. Matar Yaya ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin katako mai yawan laulayi irin wannan ba.

Yanzu ga shi tsaye tsakanin teburan, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Faɗa mini abin da ta ce," in ji Sista. "Duka. Kada ka tace mini."

"Haba Sista..."

"Na sha faɗa wa mutane maganar da ba sa son ji. Ni ma zan iya jin tawa."

"Ta ce macen da ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki tsintsiya, ta yaya za ta ɗauki ciki, ta yaya za ta goya ɗa. Ta ce aure zan yi ko jinya zan ɗauko."

Sista ta ajiye butar. Ta jingina da tebur, ta gyara ɗamarar bayan da ke ƙarƙashin rigarta. Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba ƙarya ta yi ba. Tsintsiyata mai doguwar sanda ce. Abu ya faɗi ƙasa, sai na durƙusa gwiwa kafin hannu kamar tsohuwar raƙuma. Ciki kuwa na tambayi likita tun kafin ka buɗe baki, ya ce zan iya, amma da kwanciya da kulawa. Ban ɓoye maka ko ɗaya ba."

"Ba ki ɓoye ba. Ni kuma na ji na gani."

"Kai ka ji ka gani. Ita fa? Kai kaɗai gare ta. Ba zan shiga gidan da duk ranar da na ce wayyo bayana, mahaifiyarka za ta kau da kai ta ce ai na faɗa ba. Ba zan iya ba."

"To sai mu haƙura ke nan?" in ji shi. "Wallahi tun ranar da kika shigo shagona kina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, kika ce za ki yi noma a tsaye, na ce a raina wannan ko dai ta zautu, ko kuma ita ce matata."

"Wanne ka gano a ciki?"

"Duka biyun."

Ta yi dariya cikin kuka, ta share fuska da bayan hannu, ta bar ƙasa a kuncinta.

"Ban ce mu haƙura ba. Cewa na yi ba zan bi ta bayan mahaifiyarka ba. Je ka buɗe shago, mutane na jiranka. Kuma teburan nan lafiyarsu ƙalau, kada ka zo mini gobe da guduma."

* * *

Maganar ba ta kwana ba ta isa kunnen Yaya, domin matarsa tana bayan labule tun farkon zancen. Da la'asar sai ga shi ya shigo lambun da baƙo.

Mai Kemis abokin Yaya ne, mai shagunan magani uku, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Mutum ne ba abin kushewa, mai sanyin murya, kuma tun wata biyar yake aiko wa Sista saƙo ta bakin Yaya tana zillewa. Ya tsaya a bakin siminti, yana kare farin takalminsa daga laka. Yaya ya ce bari ya amsa waya, alhali wayar ba ta yi ƙara ba.

"Sista, ni ba mai dogon zance ba ne," in ji Mai Kemis. "Na san ciwonki ciki da waje, na san magungunansa. A gidana akwai mai shara, akwai mai girki, akwai mota da direba. Ba za ki ƙara taɓa ƙasa da hannunki ba. Ki kwanta ki huta, iyakar aikinki ke nan."

"Na gode, Yallaɓai, kuma na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Sai dai na yi kwanciyar nan wata uku, na san ɗanɗanonta. Babu tsagar da ban haddace ba a silin ɗakina." Ta dafa tebur. "Waɗannan fa? In na zo da su, akwai inda za a ajiye?"

Ya dubi teburan, ya dubi takalminsa.

"Ai gidan duk tayil ne. Amma in furanni kike so, sai a sayo miki na roba. Su ba ruwansu da ban ruwa."

Ta yi murmushi, ta tsinko masa damin na'ana'a ta ce ya sa a shayi. Ya karɓa da yatsu biyu, ya yi godiya, ya tafi yana ganin ya yi nasara.

Yaya bai ga haka ba. Yana dawowa daga rakiya ya haɗe rai.

"Auta, wai me kike nema ne a duniya? Ni na ɗauke ki a hannuna daga mota zuwa ɗakin can kina ihu. Ba na son in sake ganin ranar nan. Mutum ya zo zai ɗauke miki wahala, ke kuma kin liƙe wa wanda uwarsa ba ta son ganinki."

"Yaya, wallahi ba wahala nake sha ba. Ka fito da safe wata rana ka ga barkonon da na binne ya fasa ƙasa, ka ga yadda raina ke yin fari. Gidajen abinci biyu ke jiran latas ɗina duk mako. Ciwon ma ya fi lafawa in ina zagaya teburan nan. Shekara guda kowa ya gan ni sai ya ce sannu da jiki. A nan kaɗai ake ce mini sannu da aiki."

Yaya ya matso jikin tebur. Ya ciro wani busasshen ganye yana murzawa.

"Ba zan yi miki dole ba, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan bar mutumin kirki yana sintiri ba amsa ba. Zuwa ƙarshen wata, in mutanen Kafinta ba su tako gidan nan ba, ki zauna ki yi wa kanki faɗa."

Ya juya zai fita, ya tsaya.

"Ki goge kuncinki, akwai ƙasa."

* * *

Kwana uku bayan haka, da hantsi, wata siririyar dattijuwa ta yi sallama ta shigo, ta ce dashen barkono take nema. Sista ta nuna mata teburin, amma matar ba ta ko kalli barkonon ba. Babban yatsa ta bi da shi gefen katako, ta girgiza ƙafar tebur, ta leƙa ƙarƙashinsa.

Sista ta dubi girar matar.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Ɗanki ne, Inna. Sannu da zuwa."

Dattijuwar ta ɗago. "Ashe kin gane ni."

"Girar ce iri ɗaya."

Ta jawo kujerar roba, ja ba ɗagawa ba, kuma ta san idon Inna na kan hannunta. Inna ta zauna. Sista ta tsaya a gefe, hannu a baya.

"Zauna mana, 'yar nan."

"Ki gafarce ni, Inna, tsayuwar ta fi mini sauƙi. Ba rashin kunya ba ne."

Inna ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon layin ledojin, sannan ta fara magana ba tare da ta dube ta ba.

"Mahaifinsa shekara tara ya yi a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Yaron nan yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara ɗaga ubansa. Shi ke kai shi banɗaki, shi ke juya shi, shi ke yi masa wanka in bayana ya gaza. Makaranta ya bari saboda haka. Sa'o'insa na ƙwallo a waje, shi yana ciki yana canza zanin gado. Da Allah ya karɓi abinsa, na ce to, yaron nan ya gama nasa rabon na ɗaukar mutum. Sai ga shi ya zo mini da zancenki." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba ƙinki nake yi ba. Ban san ki ba bare in ƙi ki. Tsoro nake ji."

Kafinta ya taɓa ce wa Sista babansa ya yi doguwar jinya, amma bai taɓa faɗa mata wanda ya yi ɗaukar ba. Hawaye suka zubo ba ta tare su ba.

"Inna, na san irin ɗakin da kike faɗa. Shekara bakwai ina ganin matan da suka tsufa a bakin gado, da 'ya'yan da suka manta yadda ake dariya. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Yau kin same ni a tsaye. Amma akwai ranar da ciwon ke tashi, wani watan sau ɗaya, wani sau biyu, sai in kwana biyu ban leƙo nan ba. Ba ɗaga ni ake yi ba, na san yadda nake tashi da kaina. Sai dai ba kyan gani."

"Da kin ce mini kin warke sarai, da na tashi na tafi," in ji Inna. Ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Yau kin yi wanka kin shafa mai, lambu ya yi shar. Kowa ya gan ki yau zai ce a ba ɗansa. Ranar da ya tashin nake son gani. Za ki iya kirana?"

Sista ta gyaɗa kai.

"Zan kira."

Inna ta karanto mata lambar wayarta, ta ɗauki dashen barkono biyu, ta tafi.

* * *

Kwana tara lafiya lau. Latas ya yi kai, wata makaranta ta aiko tana son furanni na bakin ƙofa, Kafinta kuma ya cika umarni bai zo da guduma ba, sai dai kullum hanyar shagonsa ta riƙa biyowa ta ƙofar gidansu.

A rana ta goma, da safe, atishawa ce kawai. Tana tsaye tana goge baki ta yi ta, sai wani abu kamar waya mai zafi ya tsarga daga ƙugunta har diddigen hagu. Ta bi bango, ta sauke kanta a kan katifar ƙasa, ta tura filo ƙarƙashin gwiwoyinta. Matar Yaya ta shigo da robar ruwan zafi a guje.

"Anti, miƙo mini wayata."

"Wa za ki kira? Kada ki kuskura! Dubi fuskarki fa. Ki bari sai jibi da ya ɗan lafa, ki kira ta ki yi mata ɗan ɗingishi mai kyau, ta gani ta tafi."

"Ba ɗingishi ta ce tana son gani ba."

"Sista, saura kwana biyar wata ya ƙare. In ta gan ki haka, magana ta mutu."

"In ta mutu yau, gara da ta mutu bayan an ɗaura. Miƙo mini, Anti."

Awa ɗaya ba ta cika ba Inna ta yi sallama. Ta tarar da ita kai ba ɗankwali, leɓe a bushe, gumi na tsattsafowa a goshi. Ta ce sannu sau ɗaya, ta zauna jikin bango, ta harɗe hannu.

Can sai banɗaki ya kama Sista. Tana motsawa Inna ta zabura ta miƙe, hannuwanta biyu sun nufi hamatarta tun kafin ta yi tunani, hannun shekara tara.

"A'a, Inna. Zauna. Kallo kika zo yi."

Ta mirgina gefe ɗaya. Ta jawo gwiwoyi. Ta tokare gwiwar hannu, ta tsaya ta yi numfashi uku, ta kama ƙafar kujerar da ke ajiye a wurin don wannan aikin, ta taso kaɗan-kaɗan, tana cije leɓe, wani ƙaramin nishi na kuɓuce mata. Ta ɗauki sanda, ta bi bango ta fita. Ta daɗe. Ta dawo ta bi hanyar da ta taso ta koma kwance, rigarta sharkaf.

Da numfashinta ya daidaita ta jawo waya, ta kira mai gidan abinci ta ce latas zai zo da azahar maimakon hantsi. Ta ce wa Anti tebur na ɗaya da na biyar kawai za a ba ruwa, sauran a ƙyale su sai yamma.

Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita.

Sista ta rufe ido. Shi ke nan. Ta yi abin da ta ce za ta yi, kuma ba ta yi nadama ba, amma hawaye masu ɗumi suka gangara cikin kunnenta. Ta kasa kunne tana jiran ƙarar ƙofar gida.

Ƙofar ba ta yi ƙara ba. Ta taga sai ta ji saukar ruwa a kan ganye, sannan muryar Inna, a sama, babu ko alamar baƙunta.

"Ke baiwar Allah, tumatir kike ba ruwa ko wanki kike yi? Za ki kashe mata shi. Kawo nan!"

Matar Yaya na cikin kare kanta aka ji tsayuwar mota a waje. Aka yi sallama da sanyin murya. Mai Kemis ne. Labari ya kai masa ta bakin Yaya, ya taho da ledar magani da kansa.

"Sannu Mama. Sista na ciki kuwa?"

"Tana ciki, tana hutawa, ba a shiga."

"To, ga wannan na kawo mata. Ban dai gane ki ba, Mama. 'Yar'uwa ce?"

"Kawo nan, Allah ya saka da alheri," in ji Inna. "Zan kai wa surukar tawa da kaina."



Dariya ta taso wa Sista tun daga ciki, bayanta ya ce bai yarda ba. Ta damƙe bakin katifa da hannu biyu, tana cewa wayyo, tana dariya, tana wayyo, har Inna ta leƙo ta taga da laka a hannu ta ce in ba ta natsu ba za ta shigo ta natsar da ita.